Daga Naraguta: Ƙasar Sin Ta Wuce Fim Ɗin Canis

Daga Wakilinmu na Arewa, Jos

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal, yau daga Naraguta nake gaishe ku, nan bakin hanyar Bauchi in an fito daga Jos. Tambaya ce gare ni: me muka sani game da mutanen Sin? Wayar da ke hannunmu tasu ce, haka tocila da bokiti, har atamfar da ta durƙusar da masaƙun Kaduna. Layin dogon Ikko zuwa Badun da aka buɗe a 2021 kamfaninsu ne ya shimfiɗa shi, kuma da yawa daga cikinku ƙarƙashinsu kuke aiki a masana'antun jihar Ogun. Amma in an ce Sin, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne fim ɗin Canis, watau tsalle da naushi irin na su Burusli, wanda iyayenmu suka riƙa cika silimar Kwararafa dominsa. Alhali kuwa yawancin waɗannan finafinai a Hong Kong aka yi su, lokacin tana hannun Ingila.

To, akwai wani irin fim dabam, wanda 'yan boko ke kira dokumentari. Babu ɗan wasa a ciki, mutane ne na gaske ake bi da kyamara cikin harkokinsu. Ba baƙon abu ba ne gare mu, don shi ne majigin da motar gwamnati ta riƙa yawo da shi ƙauye-ƙauye tun zamanin En'e, ana nuna noman auduga da tsabtar gida. Jos kuwa ita ce garin wannan sana'a. Nan ne hedkwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya da aka kafa a 1979, nan makarantarta ta koyon fim take tun 1995, ga kuma kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield.

Wani ƙanena da ke karatu a Jami'ar Jos, ɓangaren Naraguta, shi ya zaunar da ni ya nuna mini wani fim a kwamfutarsa. Sunansa Last Train Home, watau jirgin ƙarshe zuwa gida, wanda Lixin Fan ya fitar a 2009. Fim ɗin ya ce 'yan ci-rani miliyan 130 ne ke komawa ƙauyukansu kowace shekara domin bikin sabuwar shekarar Sinawa. Ku kwatanta da tashar mota ana jajibirin Babbar Salla, sannan ku ninka har ku gaji.

Wani miji da matarsa aka bi. Sun bar ƙauyensu a lardin Sichuan shekara 16 kafin a fara ɗaukar fim ɗin, suka tafi ɗinki a masana'antar tufafi a birnin Guangzhou, wanda fatakenmu na Kantin Kwari suka sani sarai. 'Yarsu tana jaririya suka bar ta hannun kakanni, daga baya aka bar ƙaninta shi ma. Sau ɗaya tak suke ganin yaran a shekara, bayan tafiya a jirgin ƙasa da jirgin ruwa da mota. In sun iso kuwa, zancensu ɗaya ne: ina takardar sakamakon jarrabawa? Yarinyar ta girma ba ta san su ba sai a kuɗin da suke aikowa. Tana kai shekara goma sha bakwai ta watsar da makarantar da iyayen suka ƙare ƙarfinsu a kanta, ta tafi birni ita ma ta hau keken ɗinki. Akwai inda ta zagi uban a gaban kowa, ya kai mata mari, suka kama kokawa a tsakar ɗaki kaka tana kallo. Wallahi a nan sai da na kawar da kai.

Na tambayi ƙanen nawa me ya hana su ɗauko yaran. Ashe akwai wata doka ta rajistar gida, hukou suke ce mata, tun 1958. Wanda rajistarsa ta ƙauye ce, ko ya shekara ashirin yana aiki a birni, da wuya ɗansa ya sami gurbi a makarantar gwamnati a can. An sassauta dokar a ƙananan birane, amma manyan har yanzu suna tsaurarawa. Mu nan babu dokar da ta hana mutumin Sakkwato kai iyalinsa Agege, kuɗin haya ne ke hanawa. Sai dai zancen takardar shaidar asalin jiha bai yi nisa da wannan ba, kuma mutumin Jos ya fi kowa sanin abin da rigimar ɗan ƙasa da baƙo ta jawo.

Naraguta kanta ai ta san ci-rani. Nan Turawan Kamfanin Neja suka fara kafa sansanin haƙar kuza a farkon shekarun 1900, lebura suka kwararo daga Kano da Zariya da Barno. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har da tilas aka riƙa kwaso mutane. Da farashin kuza ya karye a 1985, sai aka bar mu da kududdufai. Sinawa ma suna da fim na irin wannan mutuwar: Wang Bing ya yi shekaru yana ɗaukar masana'antun birnin Shenyang suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da fim mai tsawon awa tara. Ban iya gama shi ba, gaskiya.

Amma fa a lura da mai riƙe da kyamara. Tun 1963 gidan rediyon Sin ke watsa shiri da Hausa, tun ma kafin Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da su a watan Fabrairu na 1971. Da StarTimes ya shigo a 2010 tare da haɗin gwiwar NTA, tashoshinsu suka shiga ɗakunanmu. Abin da suke nunawa yana da kyau ƙwarai. Shirin A Bite of China na 2012, kan abincin lardunansu, zai sa mai azumi ya kashe talabijin. Sai dai gwamnati ce ke nuna gidanta, kuma kowa zaure yake share wa baƙo. Za ka ga Musulmin Sin suna jan taliya da hannu, ba za ka ji zancen rahoton da ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2022 kan tsare Musulmin Uighur a Xinjiang ba, rahoton da hukumomin Sin suka ƙaryata.

Wannan hali ya daɗe. A 1972 su da kansu suka gayyaci wani gwanin fim ɗan Italiya, Antonioni, ya zo ya ɗauki ƙasar. Da ya nuna talakawa yadda ya same su, sai jaridar jam'iyya ta yi masa ca a 1974, ba a nuna fim ɗin a Beijing ba sai 2004. Haka a 2015 wata 'yar jarida, Chai Jing, ta yi fim kan hayaƙin da ke turnuƙe biranensu. Cikin 'yan kwanaki aka kalle shi fiye da sau miliyan 100, kafin mako ya zagayo aka cire shi daga intanet. Turawan Yamma su ma in sun ɗauko nasu, galibi aibu suke nema.

Wanda na gani na 'yan ci-ranin nan da Sinanci yake, da rubutun Turanci a ƙasa, ƙanena yana fassara mini inda ya yi mini sauri. Ga samarin Kano suna juya finafinan Indiya zuwa Hausa kamar wasa. Ina roƙon ɗaliban makarantar fim ta Jos su nemi izinin masu shi su sa masa muryar Hausa, a kai shi gidajen kallo na Mile 12 da Sabo ta Badun kafin Salla mai zuwa.