Tsutsar Ciki Ga Dawaki Da Jakuna

Yau maganarmu a kan jaki da doki ce. Jaki shi ne ke ɗauko mana ruwa da itace, shi ke kai taki gona, shi ke kai hatsi kasuwa. In ya kwanta, gida duka ya ji a jikinsa.

Malaman dabbobi sun sha auna kashin jakuna da dawaki da madubin likita a ƙasarmu, kuma abin da suke samu shi ne yawancinsu suna da ƙwan tsutsa, har waɗanda ake gani lafiyayyu. Jaki kuwa yana da haƙuri, ba ya nuna ciwo sai abin ya yi nisa.

Tsutsotsin iri-iri ne. Akwai ƙanana jajaye masu cin bangon hanji. Akwai kuma manyan jajaye, waɗanda 'ya'yansu sukan shiga jijiyoyin jini na hanji su toshe su, dabba ta yi ta birgima da ciwon ciki, wani lokaci har ta mutu. Akwai macijin ciki, fari, mai kai inci 12 ko fiye, wanda ya fi kama duƙushi da ɗan jaki. Akwai wadda ke sa ƙwai a bakin dubura, shi ya sa doki ke goga wutsiya a jikin garu. Akwai kuma ta huhu: jaki yakan ɗauke ta ba alama, amma in ta shiga doki sai tari.

To, ta ina suke shiga? Ƙwan yana fita cikin kashi. Da damina, ga zafi ga laima, cikin kwana 7 ko kusa da haka sai 'ya'yan tsutsa su ƙosa, su hau ciyawa, wata dabba ta haɗiye su. Saboda haka fadama da turken da ba a sharewa su ne matattararsu.

Alamun su ne rama ko da ana ba da dusa da harawa, haƙarƙari a waje, gashi ya tashi, zawo, saurin gajiya, da tumbi ga ƙanana.

Ga abin da za ku yi. Ku kwashe kashi daga turke da barga kullum, daga wurin kiwo kuwa aƙalla sau 2 a mako. Ku tara shi a juji nesa da dabbobi ya ruɓe, gama zafin juji yana kashe ƙwai da yawa. Ku zuba abinci a kwami, ba a ƙasa ba. Kanwa ba ta kashe tsutsa. Ku kai dabba wurin malamin dabbobi ya duba kashinta, ya ba da magani gwargwadon nauyinta. Rage magani don tsimi, ko ba da shi barkatai, shi ke sa tsutsa ta daina jin magani. In za a yi wa doki, a duba jakin da ke kusa da shi.

Abu na ƙarshe: tsutsar cikin yaro dabam ce da ta jaki. Kada ku ba yaro maganin dabba. Ku kawo shi ɗakin magani.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu, amin.