Inda Ake Cin Abinci Da Gashin Bakin Ɓera

A ƙasan benen wata jami'a a Amurka akwai ɗakin bincike da ake kashe wa fitila da rana tsaka, domin ɓeraye su ɗauka dare ya yi su tashi kai-komo. Tambaya ɗaya ce ta kai ni wurin: me ke cikin gashin bakin ɓera da mutum zai ƙarar da ƙuruciyarsa a kai?

An tarbe ni da kofi, aka ba ni riga da safar hannu. A ƙarƙashin jar fitila, wani ɓera na kaɗa gashin bakinsa gaba da baya sau da yawa cikin daƙiƙa guda, yana laluben wani siririn ƙarfe kamar makaho da sandarsa. In ya gano inda ƙarfen yake, ladansa ɗigon ruwa. Shugabar ɗakin ta nuna mini hoton ƙwaƙwalwarsa a kwamfuta: kowane gashi da nasa gurbin, a jere yadda suke a fuska. Thomas Woolsey da Hendrik Van der Loos ne suka bayyana haka a 1970.

Hirar da ta tsaya mini a rai kuwa ta wata ɗaliba ce mai neman digiri na uku. Ta ce horar da ɓera ɗaya kan ci makonni, ba Asabar ba Lahadi, tunda ruwan shansa ma a aune yake. Wani lokaci ana dab da fara auna jijiyoyinsa sai ciwo ya kama shi, a koma gidan jiya. Kuɗin binciken ma na 'yan shekaru ne. In ba a sabunta ba, kowa ya kama gabansa. Har yau mahaifiyarta na tambayarta yaushe za ta fara aikin gaske. Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Da labarin Piezo take rarrashin kanta. A ɗakin binciken Ardem Patapoutian an yi ta toshe ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya, sai a na 72 aka dace. A 2010 suka sanar da gano Piezo, furotin da ke buɗewa in an danna ƙwayar halitta, ya mai da taɓawa saƙon lantarki. Aikin ya kai Patapoutian ga kyautar Nobel ta 2021 tare da David Julius.

Ashe abin bai tsaya kan dabbobi ba. Mutanen da aka haifa wani nau'in furotin ɗin, Piezo2, ba ya aiki a jikinsu, tafiya cikin duhu kan gagare su, domin ba sa jin inda ƙafafunsu suke sai sun kalla.