Ƙaura da Kayan Gida Zuwa Ƙasashen Waje: Aikin Kamfanonin Jigila da Abin da Ya Shafi Mutanen Birnin Kudu da Gwaram

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda kamfanonin jigilar kayan gida suke ɗaukar kayan iyali daga wata ƙasa su kai su wata, da kuma abin da wannan aiki yake nufi ga mutumin da zai tashi daga Birnin Kudu ko Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa. Dalilin zaɓen waɗannan wurare kuwa shi ne, Birnin Kudu gari ne na asibiti da makarantu, domin akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon aikin jinya da tsohuwar Kwalejin Gwamnati, ga shi kuwa likitoci da ma'aikatan jinya da malaman makaranta suna cikin waɗanda aiki ya fi ɗauka zuwa Saudiyya da Ingila a wannan zamani. Ƙasar Gwaram kuma, da garuruwanta irin su Sara da Basirka da Fagam, ƙasa ce ta noma da kasuwa da karatun allo. Dukkansu biyu suna nesa da teku, saboda haka abin da za mu faɗa a kansu zai dace da yawancin garuruwan ƙasar Hausa.

Za mu fara da waiwayen yadda ake ƙaura a da, sa'an nan mu bi aikin kamfani mataki mataki, mu dubi dokoki da inshora, daga ƙarshe mu kawo matsalolin da suka keɓanta ga gidan Bahaushe.

2.0 Ƙaura a Zamanin Ayari

Tashi da iyali zuwa ƙasa mai nisa ba baƙon abu ba ne ga Hausawa. Fatake sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro, maniyyata kuma suna bin hanyar gabas ta Borno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, tafiyar da takan ci shekaru. A shekarar 1903, lokacin da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a masu ɗimbin yawa sun bi shi da matansu da 'ya'yansu da dabbobinsu. Bayan ya rasu a yaƙin Burmi a wannan shekara, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har ƙasar Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yanzu.

Ayarin fatake yana da tsari. Madugu shi ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya da zango, uban dawaki yana tara kuɗin fito da na gaisuwar sarakuna, malamin ayari kuma yana riƙe da lissafi. Abin lura a nan shi ne, mai kaya yana tafe tare da kayansa. Yana ganin jakinsa, yana ganin mangalarsa, in an yi gardama ga madugu nan kusa. Kamfanin jigila ya gaji dukkan waɗannan ayyuka, amma ya raba mai kaya da kayansa. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, to wannan sana'a kuwa aike ce tsantsa, kuma takarda ce kaɗai take tsayawa a madadin idon mai kaya.

3.0 Matakan Aikin Kamfani

3.1 Ƙiyasi

Matakin farko shi ne kamfani ya aiko ma'aikacinsa ya zaga gida ɗaki ɗaki, ko kuma a nuna masa kayan ta bidiyon wayar hannu, domin ya ƙiyasta yawan sararin da za su ci. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne mita kubik, watau sarari mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya. Kwantena, wadda ita ce sunduƙin ƙarfen da ake lodawa a jirgin ruwa, iri biyu ce aka fi sani: mai ƙafa 20 tana da sararin kimanin mita kubik 33, mai ƙafa 40 kuma kimanin 67. Wanda kayansa ba su kai cika kwantena ba sai a gwama nasa da na wasu, ya biya gwargwadon sararinsa, amma fa sai ya jira a sami abokan lodi. Jirgin sama ya fi sauri nesa ba kusa ba, sai dai tsada, kuma yana caji ne bisa nauyi ko girma, duk wanda ya fi yawa, inda akan ɗauki santimita kubik 6,000 a matsayin kilo ɗaya. Wannan ne ya sa katifa, duk da rashin nauyinta, take da tsadar aikawa ta sama.

Daga wannan ƙiyasi ne ake fitar da farashi. Wajibi ne mai kaya ya tantance ko farashin daga ƙofa zuwa ƙofa ne, ko kuwa daga ƙofa zuwa tashar jirgin ruwa kawai, domin a na biyun kuɗin sauke kaya da na fito da na motar kaiwa gida duk suna jiransa a can. Araha ba ta ado.

3.2 Ɗauri da Lissafi

Ranar ɗauri ma'aikatan kamfani su ne suke naɗe kaya, su zuba a kwalaye, su kwance gado da kabad, su yi wa madubi da talabijin akwatin katako. Kowane kwali ana ba shi lamba, a rubuta abin da ke ciki da halin da yake ciki a takardar lissafin kaya, mai kaya ya sa hannu. Wannan takarda ita ce ƙashin bayan aikin duka, domin da ita kwastan za su yi bincike, da ita za a ƙidaya kaya ranar saukewa, da ita kuma za a nemi diyya. Katakon da aka yi akwati da shi ma yana da doka: bisa ƙa'idar duniya da aka amince da ita a 2002, sai an gasa shi har zafin cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko an yi masa hayaƙin magani, an buga masa hatimi, don kada ya kai ƙwari wata ƙasa.

3.3 Daga Ƙofar Gida Zuwa Bakin Teku

A nan ne mutumin Birnin Kudu da na Gwaram suke shan wahalar da na Ikko ba ya sha. Manyan kamfanonin nan galibi ofisoshinsu suna Ikko da Abuja da Fatakwal, saboda haka kuɗin zuwan ma'aikata da mota yana kan mai kaya. Kayan za su bi hanyar Wudil zuwa Kano, tafiyar fiye da kilomita 100, daga nan kuma kimanin kilomita 1,000 zuwa tashar Apapa ko ta Tin Can, wadda aka buɗe a 1977. A watan Janairu na 2023 an buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, kusa da Kano, da nufin a riƙa binciken kwastan da rufe kwantena tun daga Arewa. Amfanin rufe kwantena kusa da gida shi ne rage yawan ɗorawa da saukewa, domin a nan ne kaya suka fi fashewa ko ɓata. Da an rufe, sai a sa mata hatimi mai lamba, kuma ya kamata mai kaya ya rubuta lambar. Tun daga 1 ga Yuli 2016 dokar jiragen ruwa ta duniya ta hana loda kwantenar da ba a tabbatar da nauyinta ba.

3.4 Teku da Saukewa

Kamfanin jigila ba shi da jirgi. Gurbi yake saya a wurin kamfanin jiragen ruwa, wanda zai ba da takardar lodi, kuma ba a sakin kaya a can sai da ita. Tsarin kwantena kansa ya soma ne a 1956, sa'ad da wani Ba'amurke mai suna Malcom McLean ya loda guda 58 a jirgi ɗaya. A ƙasar da za a sauka, wani kamfani ne abokin hulɗa zai karɓi kayan, ya yi fito, ya kai gida, ya kwance. Wannan hulɗa ce ta sa kamfanonin suka kafa ƙungiyoyi, kamar FIDI da aka kafa a 1950 mai hedkwata a Beljiyam, wadda take bincikar membobinta kafin ta ba su shaidar inganci. Daga ƙofa zuwa ƙofa tafiyar takan ɗauki makonni masu yawa, wani lokaci wata biyu ko uku. In kuwa takardu ba su cika ba har kwanakin kyauta suka ƙare, kuɗin jinkiri yana hauhawa kullum, har yakan kai ga mutum ya haƙura da kayansa.

4.0 Dokokin Fita da na Shiga

Ta wajen fita, akwai dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, hukumar da take kula da zane-zanen duwatsun Birnin Kudu kamar na Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Wannan doka ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, kuma ta sa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a cikinsu, har da rubutattun littattafai da makamai da kayan sarauta. Ashe ke nan Alƙur'ani rubutun hannu ko takobin da mutum ya gada daga kakansa yana bukatar takardar izini, ko da yake mallakarsa ne. Haka kuma yarjejeniyar kare namun daji ta 1973 ta shafi hauren giwa da fatar kada da ta mesa, ko da an ɗinka su jaka ko takalmi.

Ta wajen shiga, yawancin ƙasashe suna yafe haraji a kan kayan gida da aka riga aka yi amfani da su, bisa sharaɗi. Ingila tana son mutum ya zauna a wajenta wata 12 a jere, kuma ya mallaki kayan wata 6 kafin tasowa, ya kuma nemi izini tun kayan ba su iso ba. Amurka tana son a ce an yi shekara ɗaya ana amfani da su. Nijeriya ma tana yi wa ɗan ƙasa mai dawowa irin wannan rangwame in ya yi wata tara ko fiye a waje, ban da mota. Kilishi da dambun nama ba sa shiga Ingila ko Amurka, hukumar alhazai kuma takan gargaɗi masu zuwa Saudiyya game da goro. Tukunyar gas da fetur da ashana kuwa kamfani ba ya ɗaukarsu sam.

5.0 Inshora

Diyyar da doka ta ɗora wa mai jirgi ƙanƙanuwa ce, domin ana lissafa ta ne bisa nauyi ko yawan ƙunshi, ba bisa darajar kaya ba. Saboda haka ne ake sayen inshora dabam. Abubuwa uku ya kamata a sani. Na farko, kwalin da mai kaya ya ɗaure da kansa galibi ba a biyan abin da ya fashe a cikinsa. Na biyu, wanda ya rage darajar kayansa don ya rage kuɗin inshora kansa ya cuta: alal misali, in kayan naira miliyan 10 ne ya rubuta miliyan 5, to duk asarar da ta auku rabinta za a biya shi. Na uku, akwai tsohuwar ƙa'idar teku ta raba asara, wadda ta ce in an kashe kuɗi ko an zubar da wasu kaya don ceton jirgi, dukkan masu kaya za su yi karo-karo. An yi aiki da ita a kan jirgin Ever Given da ya toshe mashigin Suwez kwana shida a watan Maris na 2021. Wanda ba shi da inshora sai ya ajiye jingina daga aljihunsa kafin a sakar masa kaya. Masu ƙyamar inshora saboda addini suna iya tambayar takaful, wanda hukumar inshora ta Nijeriya ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013.

6.0 Abin da Ya Keɓanta ga Gidan Bahaushe

Takardun kamfani suna ɗauka cewa kayan gida na mutum ɗaya ne, watau wanda sunansa yake kan fasfo da biza da takardar lodi, wanda galibi maigida ne. A al'adarmu kuwa kayan ɗaki, tun daga gado da kujeru har kwanuka da jere, na mace ne, iyayenta suka yi mata. In an rubuta su duka da sunan miji, to diyya shi za a biya, kuma in rabuwa ko rasuwa ta auku a baƙuwar ƙasa, matar ba ta da shaidar da kotun can za ta gane, ga shi dangin da suka ga ranar jere suna nesa. Maganin wannan mai sauƙi ne: a ware kwalayenta da lambobinsu, a rubuta sunanta a kansu cikin takardar lissafi, ta riƙe kofi.

Na biyu shi ne yanayi. Kayan da suka saba da busasshiyar iskar Jigawa za su kwana a laimar Ikko da ta teku, gumi yana tsattsafowa cikin kwantena, sai littattafai da kayan fata su yi fumfuna, katako ya kumbura. Littattafan gado da takardun shaida da zinariya sun fi dacewa da jakar hannu. Na uku, ba kowane kaya ne ya cancanci tafiya ba. Wutar Nijeriya mai ƙarfin bolt 230 ta yi daidai da ta Ingila, amma ta Amurka 120 ce, don haka firji da injin markaɗe ba za su yi aiki a can ba sai da na'urar sauya wuta. Turmi da randa kuma kuɗin ɗaukarsu ya ninka kuɗin sayensu.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa aikin kamfanin jigila sarƙa ce mai haɗa mai ƙiyasi da masu ɗauri da direba da kwastan da mai jirgi da wakilin ƙetare, kuma abin da yake riƙe da ita shi ne takardu huɗu: ta farashi, ta lissafin kaya, ta lodi da ta inshora. Duk da Ingilishi ake rubuta su, alhali kuwa mai kayan ɗaki da tsohon da ya ba da littattafan gado sau da yawa Hausa suke karantawa, da boko ko da ajami. Muna ba da shawara ga sassan koyar da Hausa na jami'o'inmu su haɗa kai da hukumar kwastan da masu tashar Dala, a fassara waɗannan takardu, a kuma daidaita kalmomin sana'ar, domin duk wanda zai sa hannu ya san abin da ya sa wa hannu.