Madafa ta zama sutudiyo a gidan haya: Yadda ƴan kallo suka koma ƙirga kayan ɗakin Jack Monroe

A ranar 13 ga Afrilun 2020, makonni uku bayan firaminista Boris Johnson ya umarci mutanen Birtaniya su zauna a gida saboda cutar korona, tashar BBC One ta fara wani shirin girki na safe mai suna Daily Kitchen Live. Ɗaya daga cikin masu gabatarwa, Matt Tebbutt, yana cikin sutudiyo. Abokiyar aikinsa Jack Monroe kuwa daga gidanta take magana, a yankin Southend da ke bakin teku gabas da Landan. Gidan na haya ne, kuma a nan ne ta kafa na'urar ɗaukar hoto da fitilu, ta mayar da wurin girkinta wurin aiki.

Mako biyu kacal shirin ya yi. Amma daga wannan lokaci zuwa shekarun da suka biyo baya, hotuna da bidiyoyin da take fitarwa daga cikin gidan sun zama abin bin diddigi. Wasu suna kallon tukunya ne don su koyi yadda ake sarrafa gwangwanin wake da tumatir. Wasu kuma abin da ke bayanta suke kallo: kabad nawa ne a ɗakin, nawa ake sayar da irinsa, kuma ta yaya mai cewa ba ta da kuɗi ta mallake shi.

Sunan da talauci ya yi mata

An haifi Monroe a Southend a 1988. Ta yi aiki a ɗakin karɓar kiran gaggawa na ƴan kwana-kwanan yankin Essex, ta bar aikin a ƙarshen 2011 saboda lokutan aikin sun ƙi daidaituwa da renon ɗanta ƙarami. Daga nan rayuwa ta yi tsanani. A watan Yulin 2012 ta rubuta wani labari da ya karaɗe ƙasar, inda ta bayyana yadda ta dama wa yaron biskit ɗin alkama guda ɗaya da ruwa, shi kuma yana tambayar ina nata karin kumallon. Ba da daɗewa ba ta buɗe ƙofar gidan da take haya ga jama'a, ta sayar da kusan duk abin da ta mallaka domin ta biya bashi.

Girke-girkenta na ciyar da mutum biyu da fam 10 a mako su suka kai ta ga kamfanin ɗab'i na Penguin, wanda ya buga littafinta na farko a 2014. Jaridu suka laƙaba mata sunan fuskar talaucin zamani a Birtaniya. Wannan suna shi ne jarinta, kuma shi ne ya zama igiyar da aka riƙa ɗaure ta da ita.

Tun kafin zancen sutudiyo an fara. A 2013 marubucin jaridar Daily Mail, Richard Littlejohn, ya yi mata shaguɓe kan zanen da ke jikinta da irin ganyen da take sakawa a girki, wai ba haka talaka yake ba. A watan Fabrairun 2014, a wata muhawara kai tsaye a tashar Channel 5, tsohuwar minista Edwina Currie ta jawo zancen dukiyar kakanta. Wato tun farko tambayar ita ce: shin talaucinta na gaske ne? Abin da sutudiyon gida ya ƙara shi ne, ya ba masu wannan tambaya hotunan da za su riƙa dubawa kullum.

Abin da sana'ar take ci

Mai rubutun girki a yau ba alƙalami kaɗai yake buƙata ba. Kowane girki sai an gwada shi fiye da sau ɗaya kafin a buga, sannan a ɗauki hotonsa. Hoton abinci yana son hasken taga mai laushi, don haka ake jan tebur zuwa inda rana ba ta dukan faranti kai tsaye. Ana buƙatar sandar da ke riƙe na'ura daga sama, da alluna masu launi daban-daban da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano, da tarin faranti da cokula waɗanda ba su yi kama da juna ba, don kada littafi mai girki ɗari ya fito kamar hoto ɗaya aka maimaita. Ga firiji na ajiyar abin da aka dafa. Ga intanet mai ƙarfin da zai ɗauki shiri kai tsaye ba tare da yankewa ba.

Shahararrun masu girkin talabijin suna da kamfanoni da ma'aikata da ke ɗaukar wannan nauyi a wani gini na daban. Wanda ba shi da wannan gata a gida yake yi, domin hayar sutudiyo kowace rana ta fi ƙarfin abin da littafi ɗaya ke kawowa. Matsalar ita ce mai kallo ba shi da hanyar bambance kayan aiki da kayan jin daɗi. Faranti hamsin a gidan mai ɗaukar hoton abinci kamar almakashi ne a shagon tela, amma a fuskar waya kama da wadata yake yi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma a wannan karon ido dubbai ne ke yin kimar.

Bangon ba nata ba ne

Akwai wani ɓangaren da hoto ba ya nunawa. Kusan gida ɗaya cikin biyar a Ingila haya yake yi a hannun masu gidaje masu zaman kansu, kuma yarjejeniyar da aka saba yi a wancan lokaci ta wata shida ce ko shekara ɗaya. Yawancin takardun sun hana ɗan haya shafa fenti, huda bango ko sauya wani abu sai da rubutaccen izinin mai gida. Da yawa kuma suna da sharaɗi kan gudanar da kasuwanci a cikin gidan. Ranar shiga ana rubuta halin da kowane ɗaki yake ciki, abin da ƴan Nijar mazauna Faransa suka sani da état des lieux, ranar fita kuma a gwada. Duk ɓarnar da ɗan haya ya yi daga kuɗin ajiya ake cirewa. Tun watan Yunin 2019 doka ta kayyade wannan kuɗi ga galibin gidaje kada ya wuce hayar mako biyar, wanda ga mai ƙaramin ƙarfi ba ƙaramin abu ba ne.

Babban takobin kuwa a wancan lokaci shi ne sashe na 21 na dokar gidaje ta 1988, wanda ya ba mai gida damar ba ɗan haya wa'adin wata biyu ya tashi ba tare da faɗin dalili ba. Ga ma'aikacin ofis wannan tashin hankali ne na neman wani wurin kwana. Ga wadda gidanta ne sutudiyonta, takarda ɗaya ce za ta raba ta da muhalli da wurin aiki lokaci guda, har da tagar da ta saba da haskenta.

Shi ya sa masu irin wannan sana'a a gidajen haya suka fi zuba kuɗinsu a abin da za a iya ɗauka a mota: kabad mai ƙafa maimakon wanda ake kafewa, takardar bango mai ɓaruwa maimakon fenti, tebur mai taya. Su ne kuma daidai abubuwan da suka fi fitowa a hoto, waɗanda kowa zai iya nemo farashinsu cikin minti biyu. Ga kuma wani haɗarin: duk bidiyon da ɗan haya ya saka a fili, mai gidan ma zai iya gani, kuma baƙon da ya dage zai iya gane unguwa daga siffar taga ko abin da ke hangowa ta bayanta.

Inda masu suka suke da gaskiya

Zai zama rashin adalci a ce duk masu bin diddigin Monroe hassada ce ke cin su. Akwai kuɗin jama'a a cikin maganar. A ƙarshen 2015 ta nemi fam 8,000 a dandalin Kickstarter domin buga wani littafi da kanta, mutane suka tara mata sama da fam 60,000, amma sai a 2018 littafin ya kai hannun masu jira. Daga baya ta buɗe shafi a Patreon, inda mabiya ke biyan wani abu duk wata bisa alkawarin za a riƙa aiko musu da katunan girki da makamantansu. Wasu daga cikinsu sun fito sun koka cewa sun daɗe suna biya ba su ga komai ba. Wanda ya ciro daga aljihunsa, wataƙila ma shi kansa ba mai hali ba ne, yana da damar tambayar ina kuɗin suka tafi.

A watan Janairun 2023 ta yi doguwar hira da ɗan jaridar Guardian, Simon Hattenstone. Ta ce ta ji duk sunayen da ake kiran ta da su, daga maƙaryaciya zuwa ɓarauniya, kuma ta musanta cewa ta yi nufin cutar kowa. Sai dai ta amsa cewa giya da ƙwayoyin rage zafi sun ci ƙarfinta na tsawon lokaci, kuma a cikin maye takan shiga intanet ta sayi kayan ɗaki masu tsada. Ke nan wani ɓangare na abin da ƴan kallo suka ƙirga a hotuna ba ƙage ba ne. Abin da ba su gani ba shi ne ciwon da ke bayan sayayyar.

A cikin wannan watan ne kuma littafinta Thrifty Kitchen ya gamu da suka kan wasu dabarun tsimi masu haɗari, ciki har da buɗe gwangwani da wuƙa da guduma. Kamfanin ɗab'in Bluebird ya fitar da bayanin gargaɗi, ƙungiyar Trussell Trust mai kula da rumbunan tallafin abinci kuma ta ce kwafin da za a kai wa mabuƙata sai an haɗa da takardar kariya. Wannan suka ce kan aiki, kuma ta yi amfani, domin yatsun mutane ne a ciki.

Inda abin ya wuce gona da iri

Tambayar ina kuɗina daban, tambayar me ya sa kike da kujera mai kyau daban. A shari'ar Monroe an cakuɗa su har suka zama ɗaya. Mace da ta yi yunwa a 2012, ta sayar da littattafai bayan haka, ba dole ba ne ta dawwama a ɗakin da babu komai don labarinta ya ci gaba da zama gaskiya. Ita ma dai ta taimaka wa ruɗanin, domin takan yi kukan rashi a wasu lokutan da hotunanta ke nuna akasin haka, kuma mai kallo ba shi da laifi idan ya lura.

Amma lura daban, farauta daban. A shafin tsegumi na Tattle Life, inda mutane ke rubutu da sunayen ɓoye, an shafe shekaru ana tattauna rayuwarta, daga kayan ɗaki zuwa lafiya da dangi. A watan Yunin 2025 wata babbar kotu a Belfast ta ba da damar bayyana sunan mai shafin, bayan wasu ma'aurata da aka ɓata wa suna a can sun ci diyyar fam 300,000. Sai ga shi mutumin shi kansa mai wallafa girke-girke ne a intanet da wani suna na daban. Monroe ma ta taɓa zuwa kotu: a watan Maris na 2017 ta ci fam 24,000 daga hannun Katie Hopkins, wadda ta alaƙanta ta da ɓata wani dutsen tunawa da mazan jiya alhali wata marubuciya daban take nufi.

A cikin hayaniyar kabad da kujera, aikin da ya fi taɓa talakawa kai tsaye ya samu ƙarancin magana. A watan Janairun 2022, lokacin da hukuma ke cewa hauhawar farashi kashi 5.4 ne cikin ɗari, Monroe ta jera farashin kayan da suka fi araha a kantin unguwarsu, ta nuna taliyar da ake saya kwabo 29 ta koma kwabo 70 cikin shekara ɗaya. Hujjarta ita ce ma'aunin hukuma yana ɓoye abin da mai sayen mafi arha ke fuskanta. Kantin Asda ya mayar da kayansa masu rahusa a dukkan rassansa, ofishin ƙididdiga na ƙasa kuma ya fara fitar da bayani na musamman kan farashin kayan abinci 30 mafi araha a watan Mayun shekarar. Ko a nan masu suka suna da abin riƙewa, domin ma'aunin nata na kanta da ta yi alkawarin fitarwa sun yi ta tambayar ina yake.

Ta fuskar haya dai an samu sauyi. A ranar 27 ga Oktoban 2025 Sarki Charles ya amince da sabuwar dokar haƙƙin ƴan haya ta Ingila, gwamnati kuma ta tsayar da 1 ga Mayun 2026 a matsayin ranar da sashe na 21 zai daina aiki, ta yadda mai gida sai ya kawo dalilin da doka ta yarda da shi kafin ya tashi mutum. Dokar ta ba ɗan haya damar neman izinin ajiye kare ko kyanwa, kuma mai gida ba zai ƙi ba sai da hujja. Batun fenti, huda bango da kafa fitilun ɗaukar hoto kuwa yana nan inda yake, a cikin takardar yarjejeniyar da mai gida ya rubuta.