Zane Mai Motsi Ko Na Tsaye: Wanne Ya Dace Da Labarinka?

Idan kana cikin ɗaliban da ke cika bayan littafin lissafi da zane-zane, wata rana za ka so ka ɗora labarin zanenka a intanet. A nan ne za ka ci karo da tambayar da mai zane a takarda bai san da ita ba: hotunan su tsaya cak, ko su riƙa motsi?

Akwai waɗanda suka gwada motsi suka ci riba. Andrew Hussie, ɗan Amurka, ya fara Homestuck a 2009, ya kammala a 2016 da shafi sama da 8,000, yana haɗa zane da motsi da kiɗa. A Koriya ta Kudu kuwa, a 2011, mai zane Horang ya fitar da labarin fatalwar unguwar Bongcheon. Kana gangarawa ƙasa a hankali, kwatsam sai fatalwar ta waiwayo. Abin da ya sa ya firgita jama'a shi ne sauran hotunan duk a tsaye suke, ba wanda ya zaci motsi.

Sai dai motsi yana da tsada. Daƙiƙa ɗaya ta katun takan ci zane 12, wani lokaci 24. Ke nan daƙiƙa biyar kacal na iya cin zane 60, aikin da zai ishe ka shafuka masu yawa. Ga nauyi: yakan cinye datar mai karatu, ya ƙi buɗewa inda sabis ba shi da ƙarfi. Manhaja ma tana mutuwa. Homestuck ya dogara da Flash, wadda kamfanin Adobe ya daina kula da ita a ƙarshen 2020, dole aka mayar da wasu sassansa bidiyo. Zanen tsaye kuwa ko a takarda ka buga shi yana nan daram.

Akwai kuma batun lokaci. A zanen tsaye, mai karatu ne ke tuƙi: ya tsaya inda ya so, ya ƙarasa abin da ya faru tsakanin hoto da hoto a zuciyarsa. Da motsi ya shigo, kai ka karɓe sitiyarin.

Saboda haka, kafin ka sa motsi, yi wannan gwaji: cire shi, ka ba abokinka ya karanta. Idan labarin bai rasa komai ba, bar shi a tsaye. Idan ya rasa, sa motsin wuri ɗaya, kamar ƙiftawar ido ko saukar ruwan sama. Motsi gishiri ne, ba shi ne miyar ba.