Ɗan Masani: Mun Riƙe Sunan, Ina Littattafan?

A zaurukan karatu na Kankiya da Kusada, har gobe almajiri kan fara fiƙihun Malikiyya da Ahalari da Ishmawi. Sai dai kaɗan ne suka san cewa Bakatsine ya yi wa Ishmawin nan sharhi tun ƙarni na 17, wato Muhammadu Ɗan Masani (1595–1667), wanda ya yi zamani da Wali Ɗan Marina, ya kuma yi sharhin Ishiriniya. Unguwar Masanawa tana nan a birnin Katsina. Sunansa ma ya zama sarauta.

To, ina littattafan? Suna kwance da rubutun hannu, mu kuwa 'yan boko sai tinƙaho da suna. A ganina, haƙƙi ne a kan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta tattaro su, ta buga, ta fassara, tun gara ba ta riga mu ba.