Shekara Nawa Gidan Yari Ke Ajiye Fayil ɗin Fursuna?

Gidan yari waje ne da ke tara takardu fiye da yadda jama'a ke zato, kuma takardun sun kasu gida biyu. Akwai na tafiyar da ma'aikata: baucocin biyan kuɗi, kwangilar abinci, rajistar zuwa aikin gandirobobi, lissafin makullai da littafin da mai gadi ke rubuta duk abin da ya faru a lokacin aikinsa. Akwai kuma na fursunonin kansu, wato fayil ɗin da ake buɗe wa mutum ranar da ya shiga, yana ta ƙara kauri har ranar da ya fita. Kowace irin takarda da nata tsawon rai, kuma a ƙasashen da suka tsara lamarin doka ce ke yanke wannan wa'adi, ba shugaban gidan yari ba.

Abin da ya kamata fayil ɗin fursuna ya ƙunsa yana cikin ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a watan Disamba na 2015 aka raɗa musu sunan Nelson Mandela. Ƙa'ida ta 6 zuwa ta 10 sun ce dole kowane wurin tsare mutane ya kasance da tsarin fayil, ko a kwamfuta ko a littafin rajista mai shafuka masu lamba da sa hannu, don kada wani ya yage shafi a ɓoye. Ba a karɓar kowa sai da sahihiyar takardar umarnin tsarewa. Ana rubuta sunan mutum, dalilin tsare shi, rana da sa'ar shigarsa da fitarsa, duk wani rauni da aka gani a jikinsa, kayan da ya zo da su, da sunayen iyalinsa. Daga baya a ƙara ranakun zuwa kotu, koke-kokensa, horon da aka yi masa, in kuma ya rasu a tsare, sanadin mutuwar da inda aka kai gawarsa. Sai dai ƙa'idojin ba su faɗi adadin shekarun ajiya ba. Wannan an bar wa kowace ƙasa.

Amurka na cikin ƙasashen da suka rubuta nasu tsarin dalla-dalla. Dokar takardun gwamnatin tarayya ta 1950 ta hana kowace ma'aikata lalata takardar aiki sai da amincewar hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1934. Ana yin haka ta hanyar jadawalin ajiya: doguwar takarda ce da ke jera kowane nau'in fayil, ta faɗi lokacin da za a rufe shi, shekarun da zai yi a ajiye, da makomarsa daga ƙarshe, ko a lalata shi ko a miƙa shi gidan tarihi. Wanda ya lalata takardar gwamnati da gangan ba bisa jadawalin ba, doka ta tanadar masa ɗauri har na shekara 3. Jihohi 50 na ƙasar kuma kowacce da nata jadawalin, don haka fayil iri ɗaya kan yi shekaru daban-daban daga wannan jiha zuwa waccan.

Takardun ofis su ne masu gajeren rai. A tsarin tarayya, takardun hada-hadar kuɗi kan yi shekara 6 bayan biyan ƙarshe, rajistar zuwa aiki kuwa kimanin shekara 3. Dalilin a fili yake: da zarar masu binciken kuɗi sun gama aikinsu, lokacin shigar da ƙara ma ya wuce, rasitin buhun wake ba shi da sauran amfani.

Fayil ɗin fursuna ba haka yake ba. Hukumar gidajen yarin tarayyar Amurka, wadda aka kafa a 1930, tana ajiye shi shekara 30, kuma ana fara ƙirga shekarun ne daga ranar da wa'adin hukuncin ya ƙare. Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Wanda aka yanke wa shekara 20 a 2000, wa'adinsa ya cika a 2020, fayil ɗinsa zai kai 2050, rabin ƙarni ke nan daga ranar da aka buɗe shi. Bayan an sallami mutum ba a barin fayil ɗin ya cika ɗakin ajiyar gidan yarin. A baya akan zuba shi a kwali, a rubuta lamba da shekarar da za a lalata shi, a aika cibiyar ajiyar takardu ta tarayya. Wasu daga cikin waɗannan cibiyoyi, kamar na Lenexa a jihar Kansas da Lee's Summit a jihar Misuri, cikin tsofaffin kogunan haƙar dutse suke a ƙarƙashin ƙasa, inda yanayi ba ya canzawa rani da damina.

Tsawon wannan wa'adi ya samo asali ne daga tambaya guda: har yaushe wani zai iya buƙatar takardar don ya tabbatar da wani abu? Hukuma na buƙatarta idan mutumin ya sake dawowa, don a san lafiyarsa, halinsa, da waɗanda bai kamata a haɗa shi ɗaki da su ba. Kotu na buƙatarta wajen lissafa kwanakin da ya riga ya yi. Shi kansa tsohon fursunan ya fi kowa buƙata, domin da ita zai nuna ya gama wa'adinsa, ya nemi afuwa, ko ya nemi diyya idan daga baya aka gano an ɗaure shi bisa kuskure. Irin wannan wankewa takan zo bayan shekara 20 ko 30, lokacin da shaidu sun mutu, gandirobobin sun yi ritaya, takarda kaɗai ta rage.

Akwai takardun da aka ware musu doka ta musamman. Bayan dokar yaƙi da fyaɗe a gidajen yarin Amurka ta 2003, ƙa'idojin da aka fitar a 2012 sun wajabta ajiye rahoton binciken irin wannan zargi muddin wanda ake zargin yana tsare ko yana aiki da hukumar, a ƙara shekara 5 a kai. Alƙaluman da aka tattara kan lamarin kuwa ba za su yi ƙasa da shekara 10 ba. Hikimar ita ce mai irin wannan hali yakan maimaita, kuma ba a gane haka sai an haɗa rahoton jiya da na yau.

Inda tsarin ya fi rauni shi ne a tsakiya, wajen ƙananan bayanan yau da kullum. Littafin mai gadi, takardar ƙirga fursunoni da hoton kyamarar tsaro ana ɗaukarsu kayan ofis, ba sa daɗewa. Hoton kyamara ma sau da yawa sabo ke hawa kan tsoho cikin kwanaki ko makonni. Amma idan mutum ya mutu a ɗakinsa da tsakar dare, waɗannan ne ke nuna ko an zagaya dubawa, da ƙarfe nawa, kuma wa ya zagaya. Wanda zai nemi diyya daga gwamnatin tarayyar Amurka yana da shekara 2 ya gabatar da buƙatarsa, hoton kuwa tuni ya tafi. Shi ya sa doka ta tanadi dakatar da jadawalin: da zarar an shigar da ƙara, ko ana kyautata zaton za a shigar, ko an fara bincike, haramun ne a taɓa duk takardar da ta shafi batun ko da wa'adinta ya cika. Lauya mai hankali wasiƙar farko da yake aikawa ita ce ta neman a killace bayanan.

Darajar waɗannan takardu ba baƙon abu ba ne a Najeriya, inda kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali masu jiran shari'a ne, kuma an sha samun wanda ya yi shekaru a zaman waƙafi saboda fayil ɗin shari'arsa ya ɓata. Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta umarci shugaban hukumar gidajen yari ya riƙa aika wa manyan alƙalai da Antoni-Janar, duk kwana 90, jerin waɗanda suka wuce kwana 180 a tsare bayan an gurfanar da su. Wannan jeri ba zai samu ba in babu rajista mai inganci da aka adana.

Ajiye komai har abada ma yana da tasa illar. Fayil ɗin yana ɗauke da asirin mutum: ciwonsa, sunayen 'ya'yansa, adireshin waɗanda suka ziyarce shi. Mutumin da ya gyara rayuwarsa shekara 40 da suka wuce yana da haƙƙin a rufa masa wannan asiri, kuma duk bayanin da aka ajiye ana iya sace shi. Saboda haka lalatawar kanta tana da ƙa'ida. Ba a jefa fayil a bola. Ana yayyanka shi da inji, ko a jiƙa shi ya narke, ko a ƙone, sannan a rubuta abin da aka lalata da ranar da aka yi. Bayanan kwamfuta sun fi wuyar sha'ani ta fuska biyu: goge su gaba ɗaya yana da wuya saboda kwafin ajiya, adana su shekara 30 kuma sai an riƙa kwashe su daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa.

Kaɗan ne ke tsira daga injin yanka. Hukumar adana takardun tarihi ta Amurka ta ce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na takardun gwamnati ne take ajiyewa na dindindin. Cikinsu akwai fayil-fayil na gidan yarin Alkatraz, wanda ya yi aiki daga 1934 zuwa 1963 ya tsare mutum sama da 1,500, har da Al Capone; suna reshen hukumar da ke kusa da San Faransisko. Na gidan yarin Leavenworth, tun daga 1895, suna birnin Kansas, kuma a cikinsu akwai na zakaran damben boksin Jack Johnson, wanda aka tsare a can daga 1920 zuwa 1921 aka kuma yi masa afuwa a 2018, shekara 72 bayan rasuwarsa. Masu binciken tarihi da masu neman asalin kakanninsu suna samun hotuna, wasiƙu da bayanan lafiya a irin waɗannan fayil-fayil. Mai neman wanda aka ɗaure a gidan yarin tarayya daga 1982 zuwa yau zai iya duba sunansa a shafin intanet na hukumar gidajen yarin, na kafin wannan shekara kuwa sai ya rubuta wa hukumar adana takardun tarihi.